Maroko, Yuganda ko Biktoriya: wace tafiya ce ta dace da watanka da fasfonka?

Mutumin Garwa, Marwa, Ngaundare ko Njamena da ya tara kuɗin hutu, yana son tafiya ɗaya ta haɗa masa birni da magangarar ruwa da daji, hanyoyi uku ne suka fi kusa da hannunsa in ba ya son wahalar bizar Turai: zagayen Maroko, zagayen Yuganda, ko magangarar Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tare da dazukan da ke kewaye da ita. A hoton waya duk ukun suna ɗaukar ido. Abin da ke raba gardama shi ne watan da ka samu sarari, da kuma fasfon da ke aljihunka.

Ra'ayinmu tun daga farko: wanda yake son ruwa na gaske da namun daji na gaske da biza ɗaya, ya nufi Yuganda. Wanda zai tafi da iyali ko da dattawa, kuma birni da ziyara ne suka fi masa, Maroko ce tasa. Biktoriya ta fi su duka girman ruwa, babu ja, amma ita ce ta fi cin kuɗi da takardu, kuma ita ce kuskuren wata ya fi ɓatawa.

Wata shi ne gaba da komai

Ma'aikaci da mai 'ya'ya a makaranta sarari uku suke samu a shekara: babban hutu na Yuli da Agusta, hutun ƙarshen Disamba, da ɗan gajeren hutun ƙarshen Maris ko farkon Afrilu.

Maris da Afrilu, lokacin da bazara ke gasa Garwa da Njamena zafi ya haura digiri 40, shi ne lokacin Maroko. Ƙanƙarar duwatsun Atlas tana narkewa, magangarar Uzud ta Maroko ta cika, iska babu zafi babu ɗari. A daidai wannan lokacin Yuganda tana cikin babbar daminarta, hanyoyin cikin daji sun yi taɓo. Biktoriya kuwa tana kan ganiyar cikarta, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa: a Afrilu feshin ruwan yakan tashi ya rufe komai, ka tsaya gaban magangarar kana jin rugugi, kayanka sun jiƙe sharkaf, amma fari fat kawai kake gani.

Yuli da Agusta sun juya lissafin. Marakish tana wuce digiri 40, sahara kuma ba a maganarta. Wanda ya bar daminar gida ya je can a wannan lokacin ya sayi bazara ta biyu da kuɗinsa. Yuganda tana cikin rani, daga Yuni zuwa Satumba. Biktoriya ma lokacinta ke nan mafi kyau: ruwan ya ragu har ana ganin fuskar dutsen, bai kuma ƙafe ba, dabbobi sun fara taruwa bakin kogi. Sai dai ɗarinsu ne, asubar Yuni da Yuli takan sauka ƙasa da digiri 10, kuma motar kallon dabbobi a buɗe take.

A Disamba Yuganda ta sake shiga rani har zuwa Fabrairu. Maroko tana yiwuwa in an ɗauki rigar sanyi mai kauri, domin daren sahara yana kusantar sifiri, kuma gidajen tsohon gari da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki. Biktoriya tana farfaɗowa ne daga ƙarancin ruwa na Oktoba da Nuwamba, watannin da ɓangaren Zambiya kan zama kusan dutse tsirara.

Kafin jirgi ya tashi

Rabin wahalar tana nan gida. Mutumin Ngaundare yana da jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, tafiyar kilomita sama da 600. Na Garwa da Marwa suna da jirgin sama na cikin gida zuwa Yawunde ko Duwala, amma kada a haɗa shi rana ɗaya da babban jirgi: tikiti biyu ne daban, in na farko ya makara na biyu ba ruwansa. A bar kwana ɗaya tsakani. Na Kusiri da kewaye ya fara duba jiragen da ke tashi daga Njamena, ya ƙetare gadar Ngeli da rana tun ana gobe tafiya, saboda gadar ba ta kwana a buɗe.

Ethiopian Airlines yana tashi daga Njamena, Duwala da Yawunde zuwa Adis Ababa, daga can akwai jirgin Entebbe ta Yuganda, kimanin awa biyu, akwai kuma na garin Victoria Falls da ke bakin magangarar Biktoriya a Zimbabuwe. Royal Air Maroc yana kai mutum Kasabulanka kai tsaye daga Duwala da Yawunde, awa biyar da wani abu. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo, ba cikin akwati ba. A Entebbe kafin a duba bizarka ake tambayarsa.

Yuganda

Bizar Yuganda ta intanet ake nema, dalar Amurka 50. Akwai ta haɗin gwiwa da Kenya da Ruwanda, dalar Amurka 100 ta kwana 90, amma wanda Yuganda kaɗai zai zaga ba ya buƙatarta.

Filin jirgin Entebbe yana bakin tafkin Biktoriya, kilomita 40 daga Kampala. Kwana biyu sun ishi Kampala. Babban masallacin ƙasa yana kan tudun Old Kampala, an buɗe shi a 2007, ana hawa hasumiyarsa a ga tuddan garin gaba ɗaya. Akwai tsohon masallacin Kibuli, akwai kaburburan sarakunan Buganda a Kasubi, akwai kasuwar Owino ga mai son cinkoso. Gari ne mai rai, amma ba za mu ce ya kama ƙafar Fas ta Maroko ba. A wannan zagayen birni ɗan rakiya ne.

Abin da aka zo dominsa yana arewa maso yamma, kilomita 300 da 'yan kai, tafiyar awa biyar zuwa shida ta Masindi: gandun dajin Murchison, mafi girma a ƙasar, wanda aka kafa a 1952. A tashi Kampala kafin ƙarfe bakwai, in ba haka ba cunkoso zai cinye awa biyu. A rabin hanya a tsaya Ziwa, inda ake bin karkanda a ƙafa tare da mai gadi; cikin Murchison kanta babu karkanda, saboda haka wanda ya wuce Ziwa ya wuce ta ke nan.

Magangarar Murchison kanta mita 43 ce kawai, kuma wanda ya san ta Tello a kusa da Ngaundare zai ce ai wannan ba wani tsawo ba ne. Ƙarfin ne daban. Kogin Nilu ne yake matsewa ya bi ta tsagar dutse mai faɗin mita 7. In ka tsaya a saman, dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarka yana rawa, wanda ke gefenka sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ruwan ya zama fari kamar nonon da ake kaɗawa a ƙwarya. Kallo biyu ake yi mata, kuma kada a bar ɗaya: daga sama da mota, daga ƙasa kuma da jirgin ruwa da ke tashi daga Paraa, kimanin awa uku zuwa da dawowa. Jirgin ba ya isa gindin ruwan, yana tsayawa nesa kaɗan saboda ƙarfin igiya, shi ya sa wanda ya tsaya a kallon jirgi kaɗai yakan dawo yana cewa an zuzuta.

Dorina da kada ba baƙi ba ne ga wanda ya tashi a bakin Binuwai ko Logon. Abin da zai ba shi mamaki shi ne yawa da rashin tsoro: giwa tana shan ruwa jirgi na wucewa, ɓauna garke-garke, raƙuman dawa, mariya ba iyaka, zaki in an fita da sassafe. Dabbobin sun fi yawa a arewacin kogi, saboda haka masaukin da ke kudu yana ƙara maka tafiya kowace asuba. Yanzu akwai gada a Paraa, an huta da jiran jirgin fito. Kwana uku ake so. Kuɗin shiga na awa 24 ne, yana fara ƙirga daga lokacin da ka shiga ƙofa, ba daga wayewar gari ba, kuma nan ne mutane ke biyan kwanan da ba su ci ba: ka shiga ƙarfe biyu na rana, ka fita ƙarfe huɗu bayan kwana uku, an caje ka na huɗu. Hukumar gandun dajin tana da farashi na musamman ga 'yan sauran ƙasashen Afirka, ƙasa da na Turawa. A nuna fasfo a ƙofa a nemi wannan, kuma a tabbata kamfanin da ya shirya tafiyar da shi ya yi lissafi. Ƙudan tsando yana da yawa a kurmin kudu, yana bin baƙin tufafi da shuɗi mai duhu, cizonsa yana ratsa riga. A sa fari ko ruwan ƙasa, a rufe gilashi in an shiga kurmi. Ana aikin haƙar mai a wani sashe na gandun, don haka kada ka yi mamakin ganin kwalta da manyan motoci a inda ka zaci daji ne zalla.

Mai kwana takwas ya dawo Kampala ya leƙa Jinja, kilomita 80 gabas, inda Nilu ke fita daga tafki. Mai kwana goma ya fita ta arewa ya bi Lira, Soroti da Mbale zuwa Sipi a gindin dutsen Elgon: magangara uku a jere cikin gonakin kofi, babbar ta kai mita 100, ana bin su a ƙafa. Daga nan Jinja, sai Entebbe, ba a maimaita hanya ba. Dattijo mai ciwon gwiwa ya bar Sipi, hawa ne da santsi.

Babban kashin kuɗin Yuganda mota ce. Dole sai mai ƙarfi huɗu da direba, kuma kuɗinta ɗaya ne ko mutum biyu ne ko shida. Shi ya sa tafiyar ta fi araha ga abokai biyar ko shida, ta fi tsada ga ango da amarya. Tuƙa kanka ba shawara ba ce, hannun hagu suke bi. Turanci ake yi, Faransanci ba ya aiki. Batun abinci, Musulmi suna da yawa a Kampala, Jinja da Mbale, gidajen cin halal ba sa wuyar samu. Amma naman alade ya yaɗu a ƙasar, a masaukin daji a faɗa wa mai dafa abinci tun ranar isowa, ko a tsaya kan kifi, wake, ayabar matoke da tuwon masararsu.

Maroko

Ɗan Kamaru da ɗan Chadi duk sai da biza, kuma takardun sun fi na Yuganda yawa: shaidar masauki, tikitin dawowa, bayanan asusun banki, shaidar aiki ko kasuwanci. A fara da wuri, wata biyu ba su yi yawa ba. Da an wuce wannan matakin, sauran duk sauƙi ne. Faransanci da Larabci suna aiki, nama halal ne ba sai an tambaya ba, mazhabar Malikiyya ce irin ta gida, ko cajar wayarka za ta shiga bangonsu ba tare da ƙarin kai ba.

Jirgin ƙasa yana ƙarƙashin filin jirgin Kasabulanka. Kwana ɗaya ya isa a ga masallacin Hassan na Biyu, wanda aka gama a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan teku. Marakish awa uku ce a jirgin ƙasa: masallacin Kutubiyya, dandalin Jami'ul Fana da daddare, kasuwar da ba ta ƙarewa. Daga nan ake zuwa Uzud a wuni ɗaya, kilomita 150, kusan awa uku kowane gefe. Tsawonta mita 110, hawa-hawa take zubowa cikin jan dutse da itatuwan zaitun, akwai matakala har ƙasa da ƙananan kwale-kwale masu kai mutum inda feshi ke taɓa fuska. Birai suna nan a kan hanya, sun saba da mutane, wanda ya riƙe leda a hannu za su fizge. Wuri ne mai daɗi ga iyali, ana cin tajin, dahuwarsu ta cikin tukunyar ƙasa, ana kallon ruwa. Amma gaskiya ita ce ƙaramin rafi ne ke zubowa, a ƙarshen rani yakan sirance, kuma ranar hutu cike yake da jama'a. Wanda ruwa ne ya fito da shi daga gida, Uzud ba za ta ƙosar da shi ba.

Dajin Maroko kuma rairayi ne da duwatsu, babu giwa babu zaki. Daga Marakish zuwa Marzuga kilomita 560 ne, ta mashigin Tishka mai tsayin mita 2,260, hanya mai lanƙwasa da ke sa yara amai, sai ƙauyen jan laka na Ait Bin Haddu, Warzazat da kwazazzabon Todga. Kwana biyu ake yi a hanya, a kwana ɗaya a tanti cikin tuddan rairayi. A nan za mu yi wa 'yan Chadi magana ta musamman: wanda ya san hanyar Faya, ko ya taɓa ganin Ennedi da tafkunan Unianga, hawan raƙumi na awa ɗaya a Marzuga ba zai ƙara masa komai ba. Ya bar sahara, ya hau jirgin ƙasa zuwa Fas, ya ba duwatsun Atlas da kurmin Ifran kwanakin. Wanda kuma zai je, ya sayi zagayen da ke ƙarewa a Fas, awa bakwai zuwa takwas daga Marzuga. Mai komawa Marakish yana ƙona wuni guda cur a hanyar da ya riga ya gani. A tambaya tun kafin biya ko abincin rana da tanti mai banɗaki suna ciki, domin zagaye mai araha a shagunan da direba ke tsayawa yake fanshe kuɗinsa.

Fas ita ce dalilin zuwa Maroko. Masallacin Ƙarawiyyin yana nan tun 859, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, tana cikin tsohon gari, kuma da wuya ka shiga ba ka ji Hausa ko Fulatanci a cikin masu ziyara ba. Mota ba ta shiga lungunan, jaki da alfadari ne ke dako. A zaɓi masauki kusa da ƙofar gari in akwai tsoho ko akwati mai nauyi. A majemar Shuwara ana miƙa maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci, ka leƙa daga bene ka ga majema tsaye cikin ramukan rini har gwiwa. Wanda ya san majemar Marwa zai gane aikin nan take. Samari masu cewa hanya a rufe take, bari su nuna maka wata, shago za su kai ka. Kwana uku ne mafi ƙaranci. Ma'aurata su riƙe takardar aure, wasu masaukai sukan tambaya.

Biktoriya

Faɗinta mita 1,708, zurfinta ya kai mita 108, kogin Zambezi ne gaba ɗaya yake faɗawa rami. Mutanen wurin suna kiranta Mosi-oa-Tunya tun kafin David Livingstone ya gan ta a 1855. Uzud da Murchison ba sa'anninta ba ne.

Matsalar iyaka ce. Kusan kashi uku cikin huɗu na wuraren kallo suna gefen Zimbabuwe, kuma can ne ruwa ba ya yankewa duk shekara. Gefen Zambiya ya fi kusantar da mutum, a kan siririyar gadar da feshi ke dukan ta kamar ruwan Agusta. Waya sai cikin leda. Gadar 1905 ce ta haɗa su, ana ƙetarawa a ƙafa, amma ƙetarawar fita ce daga ƙasa. Dajin da ya fi shahara kuma, Chobe mai tarin giwaye, yana Botsuwana, kimanin kilomita 80. Ƙasa uku ke nan. Akwai bizar haɗin gwiwa ta Zambiya da Zimbabuwe mai suna KAZA da za ka ga ana ta yabo a intanet, amma jerin ƙasashe ne ke samunta, ba kowane fasfo ba. Wanda ya dogara da ita bai duba sunan ƙasarsa ba, a bakin gada zai gane. Kuma biza mai shiga ɗaya ta mutu da zarar ka taka ɗaya gefen.

Hanyar da ta fi sauƙi ga fasfonmu ita ce a zaɓi Zimbabuwe kaɗai: a sauka Victoria Falls, kwana biyu a magangara da jirgin ruwa na yamma a Zambezi, kwana uku a gandun Hwange, wanda ya haura murabba'in kilomita 14,000, inda giwaye ke taruwa a tafkunan da ake zuba wa ruwa da famfo a lokacin rani. Da dalar Amurka ake biyan komai, shiga magangarar kaɗai dalar Amurka 50 ce ko fiye ga baƙo, kuma tikitin na shiga ɗaya ne. Birni kuwa shi ne raunin wannan tafiya: Victoria Falls da Livingstone ƙananan garuruwa ne na 'yan yawon buɗe ido, Bulawayo tana da nisan kilomita 440. Abincin halal sai an nema, teburin otal yakan haɗa naman daji da na alade. Ga wanda hutunsa ya faɗa Oktoba ko Nuwamba kuma Zambiya kaɗai ya samu biza, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kuɗi da ƙananan abubuwa

Sefa ba ta canzuwa a ko ɗaya daga cikin ƙasashen nan. Mai zuwa Maroko ya sayi yuro tun a gida, farashinsa a tsaye yake, sefa 655.957, dirhami ɗaya yana kusa da sefa 60, kuma a canza abin da ya rage kafin a fito, a waje ba shi da kasuwa. Mai zuwa Yuganda ko Zimbabuwe ya riƙe dalar Amurka sababbi, marasa yagewa ko rubutu, bugun 2013 zuwa sama. Tsofaffi ana ƙin su, a Kampala kuma ƙananan takardu farashinsu ya fi na 50 da 100 karyewa, alhali a Zimbabuwe ƙananan ne ke ceton mutum saboda ƙarancin canji. A je banki kafin tafiya a buɗe katin don aiki a waje a kuma san iyakarsa.

Yuganda da Zimbabuwe cajar waya mai ƙafa uku suke amfani da ita. Zazzaɓin cizon sauro yana Murchison da Zambezi, sabo da na gida ba kariya ba ne ga yara da mai juna biyu. Alƙibla a Kampala da Victoria Falls arewa take, ta ɗan karkata gabas. A Fas da Marakish gabas ce.

Tsarin biyan kuɗi shi ne inda aka fi asara. A tabbata fasfo yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa da shafuka biyu ko uku babu hatimi. A kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da tara ba, a karɓi takardar ajiyar kujera daga mai sayar da tikiti, a nemi biza da su. Sai biza ta fito a biya tikiti, dukkan zangon ƙasashen waje a kan tikiti ɗaya, don in jirgin farko ya makara a Adis Ababa kamfanin ne zai nema maka wani ya kuma bi akwatinka. Kamfanin mota ko na zagaye a ba shi kafin alƙalami kawai, cikon sai an ga motar da direban a ƙofar masauki.